HANNUN HAFIZU: Shafi na 17

Masu biye da ni, ku yi haƙuri da shirun kwana biyu, ƙaramata ce ke haƙori. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa Lailatu ta cika sanyi. To, ga na yau.

*

Jiya Lailatu ta wuni a kan bencin likita, wato asibiti, a Filinge, karne, ɗan littafin maganin ɗanta, a hannu, idonta a ƙofa. Ranar karɓar maganin wata na biyu ce. Mijinta Kailu ya tafi ƙauye tun shekaranjiya don ya taya uwarsa gyaran rumbu, ya kuma yi mata alkawari zai taho da yaron da sassafe. Har aka kira azahar ba su zo ba. Wayarsa a kashe.

Majo Isufu, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya fito yana kulle ofis, ya gan ta.

"Madam, ina yaron?"

"Suna bisa hanya, majo."

Ya dube ta, ya san ba haka ba ne.

"Na hwaɗa miki tun ran hwarko. Kuturta tana warkewa sarai, maganin kuma kyauta ne. Amma wata goma sha biyu ne, ba tsallake. Jijiyar gwiwar hannunai ta riga ta kumbura. In yatsun sunka lanƙwashe, babu ƙwayar da ka miƙe su. Ki kawo mani shi gobe, ki zo da kwalin watan jiya in gani."

Shi ya sa yau, tun rana ba ta yi zafi ba, ta hau kabu-kabu zuwa ƙauyen su Kailu. Ta ce wa mai mashin ya jira ta a ƙofar gida, minti goma kawai.

Hafizu ɗan farinta ne. Ran da ya cika shekara biyu aka kawo shi yaye wurin kakarsa, Inna Tanne, kamar yadda ake yi, bai kuma koma ba. Shekara shida ke nan. A gaban surukai Lailatu ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa shi, ba ta tambaya ko ya ci. Shi kuma Yaya yake ce mata.

Ta tarar da Inna Tanne a tsakar gida tana shiƙar hatsi. Ta durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau. Kin zo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina mutanen birni?"

"Suna gaishe ki."

"Ina gajiya? Ina zahi? Hanya dai babu wahala?"

Lailatu ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, gwiwarta a ƙasa, zuciyarta na kan agogo. Majo yana tashi ƙarfe ɗaya.

"Inna, yaron nan na zo ɗauka."

"Wane yaro? Gidan ga yara da yawa ka shiga."

"Na wurinki."

"Angona?" Inna ta yi dariya, ba ta daina shiƙa ba. "Yana ɗaki yana shan hura. Yau kuma ke ka neman mijina? Ni ban gaji da shi ba tukuna."

Kailu ya ɓullo daga bayan rumbu, hannuwansa duk laka. Yana ganin matarsa ya tsaya.

"Ke ce tahe?"

"Ni ce, Malam. Jiya na wuni a likita."

"Aiki ne ya riƙe ni. Waya kuma babu caji."

"Garin ga duk babu mai waya?"

Ya shiga goge hannu a jikin wando.

Hafizu ya fito daga ɗaki, fura a gefen bakinsa, sanye da riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Ya ɗan rusuna.

"Ina kwana, Yaya."

Lailatu ta amsa tana kallon gefe, kamar yadda ta saba. Ta juya ga surukarta.

"Inna, majo ya ce a zo da kwalin maganin da ya ƙare."

"Kwali? Wa ka aje kwali? Iska ta ɗauke."

"Ba ta ɗauke ba," in ji Hafizu. "Yana cikin ƙwaryar da ke ragaya. Bari in ɗauko."

Kafin Inna ta buɗe baki ya shige ɗaki, ya fito, ya miƙa wa Lailatu.

Ta juya kwalin. Gurbi ashirin da takwas ne, ɗaya na kowace rana. Huɗu ne a fashe. Sauran suna nan a rufe, kamar ran da majo ya ba ta.

Ta ɗago kai.

"Inna, kwana huɗu kaɗai ya sha?"

"Huɗun ma na yi da-na-sani."

"Don mi?"

Inna ta ajiye faifai.

"Ran da kunka ba shi na hwarko, da marece ya yi hitsari jajir. Jini. Da idona na gani bisa rairayi. Ke kina birni kina barci, ni ce gare shi. In ci gaba da ba jikana abin da ka tatsar mai jini?"

"Ba jini ba ne. Launin ƙwayar ne, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Majo ya hwaɗa tun kahin a ba shi. Na ce ma Malam ya gaya miki."

Ta dubi Kailu.

"Na manta," ya ce.

"Ka manta."

"Mutum ba ya mantuwa?"

"Kuma ba zama na yi ba," Inna ta ce, muryarta ta ɗan sake. "Na yi mai maganin gaske. Ango, nuna mata."

Hafizu ya naɗe hannun rigarsa na hagu da sauri, fuskarsa cike da murna. Daga wuyan hannu har kusa da gwiwa an ɗaure da tsumma, ya yi baƙi, ya manne.

"Mi ne ne wannan?"

"Ɗandije wanzami na kira. Tsaga goma sha ɗaya ya yi mai bisa tabon da ke hannunai, ya cusa baƙin magani. Kin san askar Ɗandije, manyan maza ka kuka ƙarƙashinta. Wanga kuwa? Ko motsi. Ko ƙibta ido. Ɗandije da bakinai ya ce shekara talatin yana riƙe da aska, bai ga namiji irinai ba. Ƙwai biyu na dahwa mai tukwici."

"Ni ban yi kuka ba, Yaya," Hafizu ya ce.

Lailatu ta matsa, ta kama hannun. Inna ta yi gyaran murya. Lailatu ba ta saki ba.

Ta warware tsumman a hankali. Wari ne ya fara fitowa. Tsagar sun kumbura, biyu suna ruwa, ɗaya ta buɗe baki. Inda tsumman ya manne da nama, sai da ta ɗan ja. Ta dubi fuskar yaron. Yana kallon kaji.

"Da zahi?"

"A'a."

"Ruhe idonka."

Ya rufe. Ta tsinci tsinken tsintsiya a ƙasa, ta taɓa kafaɗarsa.

"Nan," ya ce.

Ta taɓa tafin hannunsa, wajen babban yatsa.

"Nan."

Ta taɓa gefen tabon. Shiru. Ta taɓa ƙaramin yatsa, ta ɗan danna. Shiru. Ta sake dannawa har fatar ta lotsa.

"Yaya, kin gama?"

Wata ɗaya da ya wuce, a gaban majo, wannan yatsan yana ji.

Ta yago ɗan gefen takarda daga bayan karne, ta sa tsakanin ƙaramin yatsan da na kusa da shi, kamar yadda ta ga majo ya yi.

"Riƙe da ƙarhi. Kar ka bari in zare."

Ya cije leɓe, ya matse iyakar ƙarfinsa. Ta ja kaɗan. Takardar ta zame kamar ba kowa ya riƙe ta.

Ta miƙe tsaye.

"Inna, ba jarumta ba ce. Ba ya ji ne. Ciwon ne ya ci wurin. Da Ɗandije ya yanka har ƙashi, haka za ya zauna yana kallonai."

"Wane ciwo? Ƙyasbi ne. Wane yaro ne ba ya ƙyasbi?"

"Ƙyasbi ba ya kashe jin taɓi."

"Ke kin zama lokotoron asibiti?"

"Kuturta ce, Inna."

Kailu ya waiga ya dubi katanga, ko maƙwabta na ji.

"Tohar da yawu," Inna ta ce ƙasa-ƙasa. "Gidan ga ba a kiran wanga suna."

"Ko an kira ko ba a kira ba, tana hannunai."

"Dubi wadda ka yi mani magana. Ɗan hwari kike juyawa gabana kamar kayan kasuwa. Ina kunyarki ta tahi? Uwarki haka ta koya miki?"

"Ita ta koya mani kunyar, kuma na yi ta. Shekara shida ina yi. In na zo gidan ga, ƙasa nike kallo. Yana wucewa gabana, ban dubi jikinai ba, don kar a ce ba ni da ta ido. Tabon nan majo ya ce ya hi shekara. Shekara guda, Inna. Da ina yi mai wanka, da na gani. Sai ran Salla da ya tuɓe riga zai sa sabuwa na hanga, shi ma da wutsiyar ido."

"To sai mi?"

"To kunyar ta ishe ni haka. Hafizu ɗana ne."

Yaron ya ɗago kai da sauri. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya dube ta, ya dubi kakarsa, bai san inda zai tsaya ba.

"Ke, ki yi a hankali," Kailu ya ce. "Uwata ce kike ma magana."

"Na sani. Shi kuma ɗanka ne. Ka ga takardar nan ta zame ko ba ka gani ba?"

"Na gani. Bari a gama rumbu, mako mai zuwa ni da kaina..."

"Mako mai zuwa. Jiya ma da kanka ne."

Inna ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna. Da ta sake magana, ba faɗa a muryarta.

"Ke yarinya ce, ba ki ga komi ba. Ƙanwar uwata, Muna, ita anka ce ma wanga suna. Bukka anka yi mata bayan gari, wajen jujin toka. Ina da shekara tara, ni ka kai mata tuwo. In aje a sakaina, in tura da karan dawa, in gudu. Ta kira ni, ɗiyata tsaya mu gaisa, ban tsayawa. Ran da ta mutu, mutum uku sunka bi gawarta." Ta nuna Hafizu da haɓa. "Sau biyu za a gan shi ƙohwar majo, garin ga duk sun sani. Wa za ya sa hannu ƙwarya guda da shi? Wa za ya bar ɗanai ya zauna kusa da shi a lakwal, wurin karatu? In ya girma, wa za ya ba shi ɗiya?"

Lailatu ta sassauta murya ita ma.

"Wancan zamani babu magani, Inna. Yanzu akwai. Wanda ya hwara sha ba ya sa ma kowa. In ya shanye wata goma sha biyu, ya warke, ba wanda za ya sani. Amma in yatsun ga sunka lanƙwashe, wace riga ce mai dogon hannu za ta ɓoye su?"

Inna ta kawar da kai.

"In ma shi ne, ku binciki danginku. Mu babu shi a jininmu."

"Ba a jini yake ba. Majo ya ce numhwashi ne, in an daɗe ana kwana ɗaki guda da wanda bai sha magani ba. Shi ya sa ya ce a kawo duk mai kwana da shi a duba."

"Ni da shi ka kwana ɗakin ga, mu biyu. Mi kike nuhi?"

"Ban nuhi komi ba. Dubawa ce da auduga, minti biyar."

"Ni za a tuɓe gaban majo, sa'an ɗan cikina? Kailu, kana ji?"

"Ina ji, Inna. Lailatu, ya isa."

"Bai isa ba."

"Na ce ya isa."

Hafizu ya matso tsakaninsu, hannunsa a warware, ƙudaje sun fara sauka. Idonsa ya cika da ƙwalla, ba don ciwon ba. Ya ja gefen zanen Lailatu.

"Yaya, ki daina hushi. Wallahi babu zahi. Inna ma Ɗandije yana yi mata tsaga a baya, ita ma ba ta kuka. Ni ka riƙe mata riga. Tabonta ya hi nawa girma, kamar hwaihwai."



Kaji suka hau kan hatsin da aka shiƙe suna ci. Inna na kallonsu, ba ta kore su ba. Ta dai ɗaga hannu ta jawo mayafinta ta ƙara rufe kafaɗa.

Lailatu ta juya ga mijinta. Ta zaci za ta ga bakinsa a buɗe. Ta tarar yana ɓanɓarar busasshiyar laka daga farcensa.

"Malam."

Bai ɗago ba.

"Malam, dube ni."

Ya ɗago, ya sake sunkuyawa.

"Ka sani."

"Ba nan ne wurin maganar ba."

"Tun yaushe?"

"Mu je gida, in yi miki bayani."

"Tun yaushe, Kailu?"

Sunan ya fita kafin ta riƙe shi. Ba ta damu ba.

"Bar shi," Inna ta ce. "Shi ya hwara kawo mani Ɗandije. Ɗa ne mai ruhwa asirin uwatai. Shekara bakwai ke nan bana."

Lailatu ta tsaya tana lissafi, leɓunanta na motsi.

"Bakwai. Shi kuma shekara shida da kawo shi." Ta nuna ƙirjinta. "Ran da ka kwance shi daga bayana, yana kuka ina kuka, ka ce al'ada ce, ka kawo shi ɗakin ga. Ka riga ka ga tabon bayanta."

"Ƙyasbi munka zata."

"Da majo ya tambaye mu ko akwai mai tabo a gida, kana zaune kusa da ni. Ka ce babu."

"Mi kike so in ce? In ce uwata?"

"Shi ya sa ka manta da maganar hitsari. Shi ya sa wayarka ta rasa caji."



A waje mai kabu-kabu ya danna oda sau biyu.

Lailatu ta tura kwalin maganin da karne cikin jaka. Ta ɗauki buta ta wanke hannun yaron, ta yage gefen ɗankwalinta mai tsabta ta naɗe shi sako-sako. Sai ta cire mayafinta, ta juya masa baya, ta tsuguna.

"Hafizu, hau."

"Yaya, na girma."

"Hau, na ce."

Ya dubi kakarsa. Ya hau a hankali, ƙafafunsa har gwiwarta. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗaure mayafin a ƙirji, ta ƙulle.

"Inna, ba don raini ba. Maganin da za a ba shi, ke ma akwai naki, kyauta. In kina so gobe in dawo in raka ki, ba wanda za ya ji a bakina."

Ta nufi ƙofa.

"Kailu," Inna ta kira, ba ta ɗaga murya ba. "In yaron ga ya ƙetare ƙohwar can, sunana ne ya hita tare da shi. Majo za ya tambaya, wagga kuma za ta hwaɗa. Za su zo da mota har tsakar gari su nemi gidan Tanne. Bukkar Muna ka so su yi mani?"

"Inna, ba a yin haka yanzu," Lailatu ta ce, ba ta waiga ba.

"Ba da ke nike ba. Kailu, in ka bari ta hita da shi, ban yahe maka nonon da ka sha ba."

Lailatu ta ji takunsa a bayanta, da sauri. Ya wuce ta, ya riga ta isa ƙofar gidan mai ƙyauren kwano, ya tsaya a ciki. Ta bayan kafaɗarsa tana hango mai mashin ya juya kan mashin ɗinsa ya fuskanci hanyar Filinge.

"Matsa," ta ce.

"Lailatu, kin ji abin da ta ce."

"Na ji. Matsa."

Hannun yaron na rataye a kan kafaɗarta, daidai fuskar ubansa, ƙaramin yatsan ya ware gefe shi kaɗai. Kailu ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa.

Sai ya miƙa hannu baya, ya jawo ƙyauren, ya sa sakata.